Hancin Mai Ɗinki

Da hannu ɗaya take tura yadi ƙarƙashin allura, ɗayan yana kan kumatunta, ta ja fatar gefen hanci don iska ta samu hanya. Da ta saki, sai hancin ya manne, ta koma shaƙa da baki, maƙoshi a bushe.

Shekara shida ke nan tun ranar da mijinta ya kai mata naushi don ta yi jinkirin buɗe ƙofa. Aka ce wa maƙwabta santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Mahaifiyarta ma haka take faɗa, har ita kanta Maman ta fara yarda da zancen.

Yayarta ce ta shigo shagon, ta tsaya tana kallonta.

"Sai kin ɗinke yatsanki tukuna? Ɗauko mayafinki, asibiti za mu."

*

Likitar ta haska cikin hancin, ta ce ta ja numfashi.

"Bangon hancin ne ya rushe. Za mu ɗebo ɗan guringuntsi daga kunnenki mu tokare shi, kamar yadda kike tsayar da kwalar riga. Me ya same shi?"

"Santsi ne, likita," Mama, da ta raka su, ta yi saurin cewa.

Likitar ta dubi mai ɗinki, ba ta rubuta komai ba.

*

Ranar da aka cire bandeji, mai ɗinki ta rufe baki a tsorace, ta shaƙa. Iska ta wuce salin alin, sanyinta har cikin kai. Ta ji warin magani, ta ji ƙamshin sabulun hannun likitar. Ta ƙara shaƙa, hawaye na zuba, tana dariya.

"Likita, wurin nan da kika bari a takarda, rubuta. Baban yara ne ya buge ni."

"Ke, rufa mana asiri," in ji Mama.

"Na rufa shekara shida, Mama. Gidan Yaya zan sauka."

Yayar ta ɗauki jaka. "Yara da keken ɗinki tun jiya suna can."

A bakin ƙofar asibiti mijin yana tsaye da ledar lemo. Ta ratsa ta gefensa, turarensa ya bugi hancinta. Ashe ya daɗe da sauya turare. Ta gyara mayafi, ta shige mota.