Mai Kemis Ya Zo Faɗa

Mai kemis ya buga ƙofar har tafin hannunsa ya yi ja.

"Edita! Na san kana ciki. Fito a yi ta ta ƙare!"

Da safen nan 'yarsa ta fari ta faɗa masa, kanta a ƙasa, cewa tuni ta bar karatun harhaɗa magunguna ta koma adabin Turanci. Bai tambayi wanda ya hure mata kunne ba. Wa kuwa, in ba Edita, tsohon nan maƙwabcinsu ba? Shi ma abin da ya karanta ke nan a jami'a, ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara rubutun mutane a gidan jarida, kuma tun tana 'yar mitsitsiya yake ba ta aron littattafai.

Ba a amsa ba. Sai wani nishi daga ciki.

Ya sa kafaɗa ya ɓalle sakatar. Ga Edita yashe tsakanin kujera da kantar littattafai, dafe da ƙirji, shayi ya malale a siminti.

Mai kemis ya durƙusa ya kama wuyan hannunsa. Jijiyar na harbawa tana tsayawa. Ya ƙwala wa 'yarsa kira ta taga: "Nemo mota! Maza!"

"Faɗa ka zo yi," in ji Edita da ƙyar. "Yi abinka... kada dama ta wuce ka."

"Yi shiru, Malam. Ina maganin zuciyarka?"

"Ya ƙare... an kwana biyu."

"Ya ƙare? Ga shagona a bakin ƙofarka!"

"Na ji tsoron shigowa. In ka tambaye ni zancen yarinya... ba zan iya yi maka ƙarya ba."

Mai kemis ya ɓalle wa tsohon maɓallin wuya. Can ya ce a hankali, "To gaya mini gaskiyar. Karatun nan, ina zai kai ta?"

"Ban sani ba. Ni dai nan ya kawo ni." Ya juya ido kan ɗan ɗakin, rufin da ke yoyo, kantar da ta lanƙwashe don nauyi. "Ban taɓa da-na-sani ba. Ita kuwa ta fi ni kai."

Aka danna hon a waje. Mai kemis da direba suka ciccibi tsohon suka sa a mota, yarinyar ta tallafe kansa a cinyarta. A mararraba suka tarar da cunkoso. Direba na ta hon, tana ta kiran "Malam! Malam!" Mai kemis ne ya fara sanin tsohon ya cika, don a ƙarƙashin yatsunsa jijiyar ta tsaya. Bai saki hannun ba har ƙofar asibiti.

Ranar da ya sake buɗe shago, 'yarsa ta shigo tana taya shi kwance kaya. Ya jingina tsani zai jera kwalabe a saman kanta.

"Yaushe za ki koma makaranta?"

"Asabar, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Riƙe mini nan."

Ta riƙe tsanin da hannu biyu, ya hau.