Idon Sawun Zakarana

Mijina Muhyiddin malamin jami'a ne, kuma duk duniya ba abin da ya sani sai ƙafar dainoso, dodannin nan masu cin nama da suka ƙare tun kafin a yi mutum. Ko farfesun ƙafar kaza na zuba masa, sai ya ɗaga ta ya fara: wai kaza jikarsu ce, a kan yatsu uku suke tafiya. Har miyar ta huce.

To, gwanin ƙafa ya diro daga okada a bakin kasuwar Lafiya, idon sawu ya ce ƙaras. Saura kaɗan ya tafi taron masana a Abuja, taron da ya shekara yana yi wa tanadi. Hajiyarsa ta rantse sai wajen Torkula, mai ɗori a hanyar Obi.

Torkula kuwa al'adarsa ɗaya: ya karya ƙafar zakara daidai inda taka ta karye, ya ɗaure ku tare. Ranar da zakara ya taka, ranar zai kwance ka. Zakarana suka ɗauka, jan nan da nake ji da shi. Raina ya ɓaci, wallahi.

Torkula ya kama ƙafar zakaran can ƙasa kusa da yatsu.

"Tsaya, Baba!" in ji Muhyiddin, yana nishi. "Nan tafin ƙafa ne. Idon sawunsa shi ne gaɓar nan ta sama da kuke ce wa gwiwa, mai lanƙwashewa baya. Haka take a dainoso."

Torkula ya ce, "Oga, wurin nan ba ya warke da sauri fa."

"Amma shi ne daidai."

Na harare shi, na tsungule shi, ina! Torkula ya ɗaga kafaɗa ya karya gaɓar.

Kumburin Muhyiddin ya saɓe tuni. Zakara kuwa yana kwance kamar tsumma. Torkula ya ce ba kwancewa, Hajiya ta ce wanda ya taɓa ɗorin bai da albarkarta. Aka yi taron Abuja aka watse.

Yanzu kullum da safe sai ya ja gindi zuwa bakin akurki da gero a tafin hannu, mutumin da ya ce duk camfi ne. Jiya na ji shi yana lallashi ƙasa-ƙasa: "Haba ɗan'uwa, daure ka taka."

Na ce, "Malam, ai yi masa lacca za ka yi. Shi kaɗai ya rage bai ji ba."