Dokar da Ba Ta Kai Maɗaba'a Ba

Loretta Pruitt ta tsufa a kan doka ɗaya tal. Tun gashinta na baƙi take rubuta ta a wata hukumar tarayya a Washington, dokar da za ta tilasta wa masu yanka dutsen teburin kicin su riƙa yanka da ruwa, don ƙurar ta daina cinye huhun ma'aikata. Irin wannan doka hukuma ce ke yin ta, amma da sharaɗi: sai an ji ra'ayin jama'a, kuma duk ƙorafi mai nauyi sai an amsa shi a rubuce. Ka tsallake guda, lauyoyin kamfanoni su maka ka a kotu, alƙali ya yi fatali da aikinka.

A zaman jin ra'ayin ta san Ignacio Barrientos, wani mayankin dutse daga Texas. Ya shigo yana jan tukunyar iskar numfashi, ya yi magana kaɗan, tari ya ƙarasa masa sauran. Tun daga ranar yakan buga mata waya. Damuwarsa ɗaya, ɗansa Eusebio ya nace sai ya shiga sana'ar, shi kuwa ya ce sam, sai dokar ta fito.

Ana cikin haka aka yi zaɓe, gwamnati ta sha ƙasa. A garin nan ko mai gadi ya san dokar da ba a buga a jaridar gwamnati ba kafin ranar rantsar da sabuwar gwamnati, sababbin zuwa na iya murƙushe ta. Wendell Stroud, shugaban sashensu, ya tsaya mata a ka.

"Loretta, don Allah ki sake ta ta tafi haka nan."

"Ban amsa binciken da kamfanoni suka jibgo mana ba."

"Binciken banza ne, ke ma kin sani!"

"Ni na sani. Alƙali fa?"

"Kai, wannan mata! Ke ko katin gayyatar biki aka ce ki rubuta, sai kin sa masa ƙarin bayani a ƙasan shafi."

Ba ta yi dariya ba. Ta duƙufa makonni tana bin binciken layi-layi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kuma wallahi amsar ta yi kyau, babu lauyan da zai samu kafa. Aka sa hannu, aka aika maɗaba'a. Don murna ta kira Ignacio ta ce masa an gama, bugawa kawai ta rage.

Ashe kowace hukuma ta kwaso nata dokokin a guje, layi ya yi tsawo. Ranar da aka ba tata ta faɗo bayan rantsuwa. Sabuwar gwamnati kuwa ko kujera ba ta ɗumama ba ta ba da umarni: duk abin da ba a buga ba, a dawo da shi.

Abin takaici, sabuwar shugabar da aka turo a madadin Wendell mace ce mai fara'a, har kofi ta kawo mata. Ta ce, "Malama Pruitt, babu wanda ya san dokar nan kamarki, ke za ki rubuta sanarwar janye ta. Ba sai an ji ra'ayin kowa ba, tunda ba ta fito ba."

Sakin layi ɗaya ne, amma Loretta ta wuni a gabansa. Wendell ya zo wucewa da kwalin kayansa, ya dube ta, ya wuce. Da ma zaginta ya yi da ta fi jin sauƙi.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Tun kafin ya yi magana ta gane numfashin.

"Madam Loretta, ni ne. Ta fito? Ina son a bugo min ita in manna a bango."

Ta dubi sanarwar janyewar da ke gabanta.

"Af, ban gaya miki ba," in ji shi, yana dariya yana tari. "Da kika ce an gama, na sakar wa yaron nan mara. Tun makon jiya Eusebio ya fara aiki."