Taswira Uku a Ɗaki Ɗaya

Akuya ta huɗu ta mutu da safe, ranar da Auta ta cika kwana tara a gadon asibiti. Uwarta, mai ɗinki, ba ta tsaya kuka ba. Ta rufe kekenta, ta yafa mayafi, ta nufi ofishin da aka ce gwamnati ta haɗa likitan mutane da na dabbobi da dubagari don su riƙa aiki tare.

Ɗaki ɗaya ne kam, amma an jera kabad-kabad na ƙarfe an raba shi uku, kamar gidan gadon da 'yan'uwa suka yi faɗa a kansa.

Ta fara da teburin Likita.

"Likita, sau uku ke nan ana ba 'yata maganin zazzaɓin cizon sauro. Amai bai tsaya ba, jiya har ta shiɗe. Haka awakina suka yi kafin su mutu, suna tangaɗi suna kumfa."

Bai ko ɗago ba. "Baiwar Allah, nan mutane muke dubawa. Zancen akuya, leƙa bayan kabad wurin mai shinshina kashin dabbobi."

"Ina jin ka!" in ji wata murya daga can. "Ni dai marasa lafiyata ba su taɓa kai ƙarata ba."

"Da wane bakin?"

A bango bayan Likita akwai taswirar gari, an caccaka mata jajayen allurai. Ido na mai ɗinki, allura yake fara gani. Ta wuce.

Likitan dabbobi ya saurare ta yana taunar murfin biro. Shi ma da tasa taswirar, alluransa shuɗaye.

"Ina suke shan ruwa?"

"Rafin bayan gidanmu."

"Ruwa ba hurumina ba ne. Na rubuta wa Sarkin Shara takarda tun mako biyu."

"Takarda? Ba ga shi can ba, taku uku?"

"Ƙa'ida ce, Iya. Sai ta je hedikwata an buga mata hatimi ta dawo. Ni ba zan je in durƙusa wa mai bin kwata ba."

Dubagari ya ji komai. Tana zagayowa ya tare ta da fuska a murtuke.

"Tun watan jiya na rubuta musu cewa masu fasa tsofaffin batura suna zubar da ruwan aikinsu a rafi. Wa ya tanka? Su ne masu farar riga. Sai su sha farar rigar su warke."

"To 'yata fa?"

"Na yi miki kama da likita?"

Ta dubi bangonsa. Taswira ta uku, alluranta rawaya. Sai a lokacin ta lura duk bugu ɗaya ne, kuma ta gane lanƙwasar rafin nan, inda Auta ke wanke ƙafa in ta dawo makaranta. A ɗakin nan kaf, ita kaɗai ta taɓa tsayawa gaban bangon nan uku.

Ta miƙa hannu ta tsige alluran, ta ɓalle taswirar.

"Ke! Kayan gwamnati ne!"

Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta shiga wurin likitan dabbobi ta cire tasa, ta cire ta Likita, allurai suna zuba a ƙasa. Su ukun suka biyo ta suna hayaniya, karo na farko da suka haɗu a kan abu ɗaya.

Ta ɗora takardun a kan juna, baki da baki, yadda take jera yadi kafin ta sa almakashi, ta manna su a gilashin taga. Ko'ina duhun takarda ne, sai wuri guda, daidai lanƙwasar rafin, inda hudojin alluran suka haɗu rana ta ratso.

"Ga yaranka. Ga awakinka. Ga baturanka," ta ce. "In na binne 'yata, ku aiko min da takarda mai hatimi."

Likita ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Dalma," ya ce a hankali. Ya zaro waya. "Sista, yarinyar gado na shida. A tsayar da maganin zazzaɓin, a ɗebi jininta a gwada gubar dalma. Yanzu."

"Wata guda ina faɗa," in ji Dubagari.

"Ka faɗa wa hatimi. Kuma awakina ne suka fara nunawa," in ji likitan dabbobi.

"Awakina," in ji mai ɗinki. Ta saki takardun suka zube, ta fita.

Gwaji ya nuna dalma ce. Kwana shida da sauya magani, Auta ta tashi zaune ta ce ƙishi take ji. Uwar ta ba ta ruwan gora, ta riƙe mata kofin da hannu biyu har ta shanye.