Kyanwar da Ta Ɗauki Azumi

Tun da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watsu birane, Malam Awaisu na Ƙarfi ba shi da abokin cin abinci sai kyanwarsa, Ta-Bakori. Ba ta taɓa komai sai ta ga ya sa hannu a kwano. Haka ta saba.

Da ta fara ramewa, ga yawan shan ruwa, sai ya sa ta a kwali ya hau mota zuwa Funtua. Likitan dabbobi, Zubair, ya auna jininta ya ce ciwon suga ne.

"Suga? Ita da ko rake ba ta sha?"

"Baba, ikon Allah ne. Allurar insulin safe da yamma, iyakar wannan layin na jikin sirinji. A daina ba ta tuwo, sai kifi. Kuma kada ka yi mata allurar sai ta ci."

Malam ya ajiye kwalbar maganin a gindin randa saboda sanyi. Ta-Bakori ta fara murmurewa.

Sai azumi ya kama. Ran farko da safe ya zuba mata kifi, ya yi mata allura, ya tafi sharar gona. Bai tsaya ganin ko ta ci ba. Da ya dawo, kifin na nan ƙudaje sun rufe shi, ita kuwa tana kwance bayan rumbu, jiki na rawa, ido a juye.

Ya buga wa Zubair waya.

"Sugan ne ya faɗi! Akwai zuma? Shafa mata a dasashi, maza!"

Ya shafa, ya zauna a ƙasa yana kiran sunanta a hankali. Gidan tsit, sai kurciya a kan katanga. Can ta ɗaga kai.

Washegari da safe ya ɗauko kwano babu komai a ciki, ya zauna kan tabarma, ya yi bisimilla. Ya riƙa kai hannu baki yana tauna iska. Ta-Bakori ta dube shi, ta matso ta fara cin kifinta.

Maƙwabciyarsa, Inna Zaituna, ta leƙo ta kan katanga.

"Subhanallahi! Malam, cikin azumi?"

Ya karkata mata kwanon. Ta daɗe tana kallo, ba ta yi dariya ba.

"In an sha ruwa zan aiko maka da kunu," in ji ta.

Shi kuwa ya ci gaba da taunawa har kyanwar ta lashe nata tas, sannan ya ɗauko allurar.