Sabulun Kawu

A ofishin kula da lafiyar dabbobi, 'Yar Tebur ake ce mata. Ta shigo wurin da makin da ya fi na duk mazan da ta tarar, amma aka ba ta kujera kusa da firjin magani, aikinta ta buɗe ta rufe. Maza su hau baburan daji su tafi ƙauyuka, su dawo da taɓo har gwiwa da labarai cike da baki, ita kuwa ta karɓi kwalaben da suka ƙare. Ba ta taɓa bari wani ya ga hawayenta ba. Kullum aka tashi daga aiki sai ta wuce shagon kawunta makanike, ta ari wani tsohon babur, ta shiga filin da ke bayan shagon. Ta faɗi a yashi, ta faɗi a kwata, salansa ta ƙone mata ƙwauri, ta ɗaure wurin ta sake hawa.

Damina ta kankama, cuta ta shiga awakin wani ƙauye a ƙetaren rafi. Dogo, ma'aikacin da ƙauyen ke hannunsa, ya gurɗe ƙafa yana ɗingishi. Ta shiga wurin Oga ta ce a tura ta. Ya leƙo ta ta saman tabarau, ya gaya mata allurar da ke firji ita ce ta ƙarshe, kuma in ƙanƙarar akwatin ta narke a hanya, maganin ya tashi aiki.

"Ki kai shi da sanyinsa, babur ya zama naki," in ji shi. "In kika dawo min da shi, kada ki ƙara tayar min da maganar."

Dogo ya ce makullin babur ɗinsa ya ɓata. Aka gunguro mata wani babur da ke jingine a ƙarƙashin bene, robobin hannunsa sun cinye har an naɗe su da tsohon tif, totur ɗin kuma in ka murɗa sai ka roƙe shi kafin ya koma.

Da la'asar ta tura shi shagon Kawu. Ya zagaya shi yana tsaki, ya tambaye ta ko a bola ofishinsu ke sayen kaya. Ya yanke tsofaffin robobin da reza, ya kwance gidan totur, ya zaro wayar, ya ɗaga ta sama yana ɗiga mata mai a hankali har ya ɓullo ta ɗaya bakin, baƙi ƙirin da tsatsa. Da ta miƙo masa gwangwanin giris sai ya buge mata hannu, ya ce giris da yashi aminan juna ne, in suka haɗu a totur sai babur ya ƙi sauka daga gudu. Ya goge ƙarfen tas, ya shafa mai kaɗan, ya mayar. Ta murɗa ta saki, totur ya koma da kansa, ƙas.

Sababbin robobin suka ƙi shiga. Kawu ya matsa gam ɗinsa ya tarar ya bushe a cikin kwalinsa. Bai damu ba. Ya ɗauko guntun sabulun da yake wanke hannu, ya jiƙa, ya shafe cikin robobin, suka zurma sumul. Ya ce shekara da shekaru haka yake sa wa masu hayar babur a cikin gari, kafin gari ya waye sabulun ya bushe ya kama, kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙara.

"Kawu, masu haya ba sa shiga rafi," ta ce.

"Ke ma ai ba wanka za ki yi masa ba, 'yar nan."

Da safe robobin sun kama gam. Ta ɗaure akwatin a baya ta kama hanya. Kwalta ta ƙare, burji ya ƙare, sai turba mai santsi tsakanin gonaki. Babur ɗin yana amsa mata kamar ya daɗe yana jiran mai hawansa.

Rafin ya fi yadda Dogo ke ba da labari. Ta kwance akwatin ta ɗora a ka, ta haye da shi ta ajiye a inuwa, ta dawo ta shiga da babur. A tsakiya tayar gaba ta hau dutse, babur ya kwanta ta dama, ta yi maza ta kashe shi, hannun totur ya nutse cikin ruwa. Da ƙyar ta tayar da shi, ta tura shi har gaɓa, numfashinta kamar zai fita. Ta buga, ta sake bugawa, ya tashi. Ta murɗa totur, injin bai ƙara ko tari ba. Robar ce kawai ke juyawa a banza, kumfa na fitowa ta gefenta.

Ta tsaya tana kallon kumfar. Ta buɗe akwatin, ta ga ƙanƙarar ta fara zama ruwa a gindi, rana kuma ta ɗaga. Ƙauyen na can bayan tudu mai tsawo, wanda ba a hawa da turi. Ta hango kujerar nan kusa da firji, da fuskar Dogo. Ta rufe akwatin.

Ta zare robar da hannu ɗaya, don yanzu ko yaro zai iya. Ta ɗauko auduga da sifirit daga jakar aikinta, ta wanke sabulun ciki da waje, ta goge da bakin ɗankwalinta. Busasshiyar roba ta ƙi shiga, sai ta ɗan zuba mata sifirit ta danna da tafin hannu, ta buga, ta danna har ta zauna. Ba ta yarda da ita haka ba. Lambar babur ɗin da waya aka ɗaure ta, ta warware wayar ta jefa lambar a jaka. Ta naɗe robar a wuri biyu, ta kama bakin wayar da hantsakin aikinta tana murɗawa. Wayar ta yanke mata yatsa, jini ya ɓata robar, ba ta saki ba sai da ta ga wayar ta shige cikin robar. Ta murɗa totur, injin ya yi ruri.

Tudun ta haye shi a tsaye bisa matakan ƙafa na babur, laka na tashi a bayanta.

Wata tsohuwa mai awaki ce ta fara fitowa. Ta dubi matar da ta jiƙe sharkaf, ta leƙa bayanta tana neman likitan. 'Yar Tebur ta buɗe akwatin ta ɗora mata kwalba a kumatu. Tsohuwar ta janye fuska saboda sanyi, ta yi dariya, ta juya tana kiran mutane su kawo dabbobi, likita ta iso.

Ana gab da rufe ofis ta shigo da babur har bakin ƙofa. Ta dire akwatin a teburin Oga, ba kwalba ɗaya mai magani a ciki. Ya ɗaga murfin, ya dubi yatsanta, ya tambayi ina lambar babur. Ta zaro ta daga jaka ta aza masa. Dogo, da ya miƙo hannu zai karɓi makullin ya rataye, ya ga ta zura shi a aljihunta. Oga ya ce masa tun da ƙafarsa ba ta warke ba, ga kujera nan kusa da firji.

Daga nan shagon Kawu ta nufa. Ya duƙa ya daɗe yana duban ɗaurin wayar, ya gwada murɗa robar da ƙarfinsa ta ƙi motsi. Ya taɓa ta hagu, ta juya a hannunsa kamar murfin kwalba.

"Wanka kika yi masa ke nan," ya ce a hankali.

"Da sabulunka, Kawu. Ya fita fes."

Ya ɗauki guntun sabulun ya wurga shi can cikin bokiti, ya lalubo waya da filaya.

"Matso ki riƙe min kan," ya ce. "Ki nuna min inda kika fara naɗin."