Kaset ɗin Masaƙa

Dorcas ta sauka daga bas a Barnawa, ta gyara ɗaurin zaninta, ta tambayi wani mai gyaran takalma inda masu shirya wasan talabijin suke. Ya nuna mata wani gida mai koren ƙyaure a bayan shagon ɗinki. Tun daga Kakuri take ta shirya maganar da za ta faɗa, tana maimaita ta a zuci, don kada kunya ta kama ta idan ta shiga.

Mijinta Bitrus ya yi shekaru masu yawa a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Kakuri, har aka rage ma'aikata, ragin ya haɗa da shi. Bai daɗe a gida ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Da ya ga mutane suna wahala kafin su gane abin da yake faɗi, sai ya rage magana, har ya kusan dainawa.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ne aka fara nuna wani wasa duk yammacin Lahadi, mai suna *Jiniyar Asuba*. Dorcas ba za ta manta da kashin farko ba. Jiniya ta yi kuka, sai ga ma'aikata a kan kekuna sun cika titi, kowa da kwanon abincinsa a ɗaure a baya. Aka nuna wani masaƙi da aka kira ofis aka ce masa aiki ya ƙare. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Ya koma gida ya zauna a ƙofa yana goge kekensa, matarsa tana kallonsa ta taga. A zamanin soja ba wanda zai nuna irin wannan. Maƙwabta suka cika ɗakin, ba mai tari. Bitrus ya yi alama a tayar da shi zaune, aka jingina shi da matashi. Daga ranar, duk Lahadi idan an taso daga coci sai ya sa a yi masa aski, a sa masa riga mai maɓalli.

Sai wasan ya fara karkacewa. Masaƙin ya haɗu da wani attajiri, ba a jima ba sai ga shi da mota. Aka kawo 'yan mata biyu suna jan gashin juna a otal. Aka kawo boka da tukunya mai hayaƙi. Matar da ke kallo ta taga ta ɓace, ba wanda ya ce ga inda ta tafi. Masaƙar kuwa ba a sake ko ambatonta ba. Ranar da fatalwa ta fito daga cikin firji, Bitrus ya ce a juya shi ya fuskanci bango. Tun daga nan ba aski, abinci ma sai an yi ta lallashi.

A cikin gidan mai koren ƙyaure, Dorcas ta tarar da wani siririn mutum mai tabarau yana cin gyaɗa a gaban akwatunan talabijin biyu. Ya miƙe ya gaishe ta.

"Sannu da zuwa, Mama. Wa ake nema?"

"Wanda ya rubuta *Jiniyar Asuba*."

"Ni ne. Sunana Shekari. Ga kujera."

Ba ta zauna ba. Maganar da ta shirya duk ta watse, sai ta faɗi abin da ya zo mata.

"Ɗana, me ya sa ka ɓata shi? Ka fara abu kamar ka zauna a gidanmu. Mijina da ba ya tashi, ya tashi zaune saboda kai. Yanzu ka kawo mana fatalwa a firji. Mu da ba mu da firjin ma."

Shekari ya cire tabarau ya murza ido.

"Mama, ni kaina na daina kallo."

"To wa ya tilasta ka?"

"Masu talla suka ce mutane sun gaji da wahala, farar hula sun dawo, a ba su abin dariya da motoci. Wanda ya fito a masaƙin ya samu aiki a Legas, sai muna ɗaukarsa a gurguje idan ya zo. Amma ba zan ɗora wa kowa ba. Da na ce a'a, da sun rufe shirin. Na ji tsoron a rufe, sai na ce to."

Dorcas ta zo da shirin gardama, ga shi mutumin bai musa komai ba. Ta ja kujerar ta zauna, ta ba shi labarin Bitrus a taƙaice. Da ta ambaci ɗakin saƙa, Shekari ya ɗago kai.

"Kin taɓa shiga ciki?"

"Ina? Iyakata bakin get. Ba a barin matan ma'aikata."

Ya tashi ya yi ta bincike a kan wata kanta, ya zaro wani kaset ya hure ƙurar da ke kansa.

"Kafin mu fara wasan, an ba ni izinin ɗaukar hoto a ciki, safiya ɗaya tak. Ɗan kaɗan na sa a kashin farko. Sauran na ajiye don ƙarshen labarin, ƙarshen da ba mu kai ba. Na ji yanzu sun rufe wannan sashen."

Ya sa kaset ɗin, ya ƙara murya.

Ƙarar ce ta fara dukanta. Ba ta taɓa jin irinta ba, kamar ruwan sama mai ƙarfi a kan kwano, amma da tsari, kamar ganguna masu yawa a hannun mutum ɗaya. Sai hoton ya buɗe. Ɗaki ne wanda ba a hango ƙarshensa. Injunan saƙa a jere, layi bayan layi, har suka ƙanƙance a can nesa. Haske yana saukowa ta gilashin rufi, ƙurar auduga tana yawo a cikinsa a hankali, ta sauka a kan gashin mutane da kafaɗunsu. Fararen zaruruwa da ido ba zai ƙirga ba suna gangarowa a miƙe, su shiga cikin ƙarfe, su fito ta ɗaya gefen sun zama yadi, yana naɗe kansa.

Dorcas ta dafe ƙirji. Shekara da shekaru tana tsince wannan audugar daga gashin Bitrus, tana wanke ta daga wuyan rigarsa, tana yi masa faɗa don yana magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a hayin kogi. Ba ta taɓa sanin daga irin wannan wuri yake dawowa ba. A zatonta wani shago ne mai ɗan girma. Ga mutane suna tafiya a tsakanin injunan cikin natsuwa, mutum ɗaya da injuna da yawa, ya taɓa nan, ya ɗaura zaren da ya tsinke da yatsu biyu ba tare da ya tsaya ba. Ta dubi zanin da ke jikinta, ta sake duban akwatin.

"Ashe haka ne," ta ce a hankali. "Ashe haka ne."

Sai ta lura ba mai buɗe baki a cikinsu. Da hannu suke magana. Wani ma'aikaci ya matso kusa da ɗan'uwansa, ya dafa ƙirjinsa, ya nuna idonsa, sannan ya kaɗa tafin hannu ƙasa sau biyu. Ɗayan ya gyaɗa kai ya wuce.

"Tsaya," in ji Dorcas. "Mayar da wannan."

Shekari ya mayar. Ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin.

"Haka mijina yake yi mini da hannun hagu. Kullum, idan ina hidima da shi. Na ɗauka rawar ciwo ce. Har na gaya wa likita. Mene ne ma'anarsa?"

"Wallahi ban sani ba, Mama. Ban tambaya ba a lokacin. Hoton kawai na ga ya yi kyau." Ya juyo gare ta. "Kuna da bidiyo a gida?"

"Akwai wani tsoho, tun masaƙa tana masaƙa."

Ya juye mata hoton a wani kaset. Da ta kama bakin zani za ta kwance kuɗi, ya girgiza kai. Ya rako ta har bakin titi, ya tsaya har ta samu bas.

La'asar ta yi lokacin da ta iso Kakuri. An kawo wuta. Bitrus yana kwance yana fuskantar bango, kunun da ta bar masa ya yi sanyi a kan kujera. Ta goge bidiyon da gefen zani, ta haɗa wayoyin, ta sa kaset ɗin.

Ƙarar injuna ta cika ɗakin. Ta ga kafaɗarsa ta motsa. Ya yi ta ƙoƙari har ya juyo da kansa, ba tare da ta taimaka ba. Ta tallafe shi ta jingina shi da matashi. Idanunsa suna bin layin injunan ɗaya bayan ɗaya, leɓunansa suna motsi. Da kyamarar ta tsaya kan wani mai furfura, ya ɗaga yatsa.

"A... Ayuba," ya ce. "Layina... suka ba shi."

Suka ci gaba da kallo. Wata maƙwabciya ta leƙo jin ƙarar, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da labule, ta kasa tafiya. Da aka zo wurin mutanen nan biyu, Dorcas ta durƙusa a gaban gadon inda zai ga fuskarta.

"Baban Hope," ta ce, "wannan da yake yi da hannu, me yake cewa?"

Bitrus ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Ya haɗiye yawu, ya tattara kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Je ka... huta. Zan duba... maka."

Ta tuna safiyoyin da take juya shi tana canza zanin gado, bayanta yana ciwo, hannun nan na hagu yana dafa ƙirji, yana nuna ido, yana kaɗawa ƙasa, ita kuma tana kama shi tana cusa shi cikin bargo don ya daina rawa.

Akwai wanki a jiƙe a tsakar gida, ba ta kuma ɗora tukunya ba. Dorcas ta cire takalmanta, ta hau gadon ta zauna a gefensa na hagu, ta miƙe ƙafafu. Ta jingina kanta da bango ta lumshe ido, ta bar shi yana duba injunan.